Me ya sa maganin daji ke warkar da ɓera amma ya kasa warkar da mutum?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin asibiti da ke zauren nan. Kusan duk wata sai an turo labari wai masana a Amurka ko Sin sun gano maganin da ya narkar da ciwon daji a jikin ɓeraye. Shekara da shekaru ana wannan, amma har gobe in mutum ya kamu sai kimawi, wato magani mai ƙarfi da ake ba mai daji don kashe ƙwayoyin ciwon, da tiyata da gashi da na'ura. Ina waɗancan magungunan suke shiga? Wani ya ce mini sinadaran da ke sarrafa magani a jikin ɓera, waɗanda ake kira enzayim, ba iri ɗaya ba ne da namu. To in haka ne, don me ake ta zuba kuɗi a kan ɓera?

BaKano_Rusaifa:
Wa alaikumus salam. Abu Sumayya kai ma ka san amsa. Maganin yana nan, kamfanoni ne suka danne. In an warkar da kai yau, wa zai sayi kimawin gobe?

Saidaliyya_Madina:
Malam BaKano, kamfani na son kuɗi, ba mai musun wannan. Amma kamfanin da ya riƙe maganin da ke warkar da daji da gaske ai shi zai fi kowa kuɗi, ga kuma kishiyoyinsa na jiran ya yi sake. Abin da aka gaya wa Abu Sumayya gaskiya ne. Yawancin maganin da ke shiga jiki hanta ce ke karɓarsa, kuma akwai wani dangin enzayim da ake kira CYP da ke yin mafi yawan aikin. Wani maganin su farfasa shi ya fita, wani kuma su ne ke tayar da shi ya fara aiki. Mutum na da ƙwayoyin gado 57 masu ƙera waɗannan enzayim, ɓera na da 102. Akwai guda ɗaya a jikinmu, CYP2D6, wanda ɓera ke da irinsa har tara, kuma ba wanda aikinsa ya zo daidai da namu. Shi ya sa maganin da zai wuni a jinin mutum kan iya ɓacewa daga jinin ɓera cikin ɗan lokaci, ko ya rikiɗa ya koma wani abu dabam.

Dalibi_Thuwal:
Bari in ɗora a kan maganar Anti Saidaliyya da misali guda, don a kan irin wannan nake karatu. Akwai maganin kimawi mai suna irinotekan, ana ba masu dajin babban hanji, wanda shi ne dajin da ya fi kama maza a nan Saudiyya. Asalinsa daga wata bishiya ta ƙasar Sin ne, an amince da shi a Japan a 1994, a Amurka a 1996. Shi kansa irinotekan ba shi da wani ƙarfi. Sai wani enzayim mai suna kaboksil-estares ya yanke masa wani ɓangare, ya koma SN-38, wannan shi ne mai kashe ƙwayoyin dajin, kuma ƙarfinsa ya ninka na uwarsa sau ɗaruruwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɓera na da wannan enzayim ɗin a cikin ruwan jininsa, mai yawa, ana kiransa Ces1c. Kana yi masa allura, tun maganin bai kai hanta ba jini ya fara juya shi. Mu kuwa ruwan jininmu babu shi, namu na cikin hanta da hanji, kuma ɗan kaɗan ne daga abin da aka zuba wa mutum ke komawa SN-38, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka in ka dasa ƙari a jikin ɓera ka ba shi irinotekan, za ka ga ƙarin ya motse har ka yi ta murna, alhali abin da ya isa ga ƙarin ya fi abin da zai isa ga na mutum nesa ba kusa ba. Maganin yana aiki a mutane, ana ba da shi kullum, sai dai ba kamar yadda ɓera ya nuna ba.

Abin kuma yakan juya ta ɗaya gefen, kuma wannan ne mutane ba su cika sani ba. Akwai sababbin magunguna da ake ɗaure guba a jikin sinadarin garkuwa, ya ɗauke ta ya kai ta har cikin ƙwayar dajin kafin ta kwance. Wani mahaɗi da aka fi amfani da shi wajen ɗaurin, wannan Ces1c ɗin na ɓera yana tsinka shi tun a cikin jini, gubar ta zube a hanya. A jinin mutum kuwa mahaɗin na nan daram. Ka ga ke nan ɓera zai iya zuga maganin banza, zai kuma iya kushe na kirki.

Kawu_Misfala:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma ka sauko ƙasa kaɗan. Mu da muka yi karatun allo waɗannan lambobin sun fi ƙarfinmu. Ni abin da nake son sani, shi ciwon kansa iri ɗaya ne a jikin ɓera da na ɗan Adam?

Likita_Riyad:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya, tambayarka ta fi ta kowa kai wa ga gindin magana. Ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ma enzayim ne a tsakiya. A bakin kowane zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani abu kamar kalmasar bakin zani, mai hana zaren warwarewa. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu sai kalmasar ta ragu kaɗan, in ta ƙare sai ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu. Wannan wata kariya ce daga daji, domin daji ba komai ba ne illa ƙwayar da ta ƙi daina rabuwa. Akwai enzayim mai sake tsawaita kalmasar, sunansa telomares, waɗanda suka gano shi an ba su kyautar Nobel a 2009. A jikin babban mutum yana kashe a yawancin ƙwayoyi, kuma kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na dajin mutane sai sun nemi hanyar kunna shi kafin su yi ƙarfi. Ɓeran ɗakin gwaji kuwa kalmasarsa ta ninka tamu tsawo sau da yawa, ga enzayim ɗin a kunne a sassa da dama na jikinsa. Katangar da dajin mutum ke shekaru yana haƙa, na ɓera bai ma tarar da ita ba.

Har ila yau in ka bar ɓeraye suka tsufa, dajin da suka fi yi shi ne na jini da na tsoka da ƙashi. Mu kuwa wanda ya fi kashe mu na fatar cikin gaɓoɓi ne, nono, hanji, huhu, hanta, mafitsara. A shekara ta 2000 masana a Boston sun haɗa ɓerayen da aka cire musu telomares aka kuma raunana musu wata ƙwayar gado mai tsaron jiki, p53, sai ga su sun fara yin irin dajin mutane.

Kawu_Misfala:
To yanzu na gane. Kama da wane ba ta wane. Allah ya saka da alheri Dakta.

BaKano_Rusaifa:
Duk wannan bayanin ai ni yake goyon baya. Sun san ɓera ba mutum ba ne amma suna ci gaba, saboda akwai kuɗin bincike a ciki.

Nas_Dammam:
Malam BaKano da farko ka ce maganin na nan an ɓoye, yanzu ka ce maganin ba ya aiki sun sani. Ka zaɓi ɗaya mana.

DanMaiWurno:
Salamu alaikum. Ni ba likita ba ne, noma na karanta a Wad Madani kafin yaƙi ya koro mu Jidda, amma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye da ban ga an ambata ba. Ku kuna maganar maganin da ke aiki a ɓera ya ƙi aiki a mutum. Ni tsorona gubar da ba ta kama ɓera amma take kama mu. Akwai fumfunar da ke fitowa a gyaɗa da masara in an adana su da laima, tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sanadin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Tana cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin hanta a duniya, musamman ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Amma ɓeran gwaji da ya gama girma, irin ƙananan nan farare da baƙaƙe, zai ci ta da yawa bai yi dajin ba, domin hantarsa na da wani enzayim da ke kama gubar ya kashe mata kaifi nan take. Mu namu bai da wannan ƙarfin. Da a ce da shi kaɗai aka gwada, da an ce gubar ba ta da illa.

Mu a Sudan dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ba ta rabuwa da abincinmu, a salatin tumatir, a miya, a agashe. Binciken da aka yi a yammaci da tsakiyar ƙasar a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna masu yawan cin ta sun fi kamuwa da dajin hanta, musamman inda ake ajiye ta a wuri mai laima.

Dalibi_Thuwal:
Yaya DanMaiWurno ya kawo misalin da ya fi nawa. Sunan enzayim ɗin Gsta3. Hanta ce da kanta ke mai da aflatoksin mugu, enzayim ɗin CYP da aka ambata a sama su ke juya ta ta zama abin da ke manne wa DNA, shi kuma Gsta3 ya tare ta kafin ta manne. Da aka cire wa ɓeraye shi, lalacewar DNA a hantarsu ta yi tashin gwauron zabi. Jariran ɓeraye ma tana kama su don enzayim ɗin bai gama ƙarfi ba. Manyan ɓeraye irin na kwata kuwa, waɗanda su ma ake gwaji da su, tana kama su sosai. Dabbobi biyu masu kama da juna, amsa biyu.

UmmuAnas_Jidda:
Innalillahi. To mu da kullum ake kawo mana ƙuli-ƙuli da tunkuza da yaji daga gida lokacin Umara? Suya ba ta kashe gubar?

DanMaiWurno:
Hajiya suya na rage ta kaɗan amma ba ta kashe ta, gubar na jure wuta. Abin da ke aiki shi ne busar da gyaɗa sosai kafin a zuba a buhu, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa, a kuma tsince duk ƙwayar da ta motse ko ta canza launi ko take ɗaci. Matsalar ita ce irin waɗannan da aka tsince su ne wasu ke saye da araha su niƙa, don in an niƙa ba mai gani. A Najeriya cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona, fumfuna ce marar guba da ke korar mai gubar.

Likita_Riyad:
Hajiya kada ki zubar da ƙuli-ƙulinki saboda tsoro, ki dai san hannun da ya yi shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B. A nan Saudiyya tun 1989 ake yi wa jarirai rigakafinsa, amma da yawa cikinmu da aka haifa a gida ba a yi mana ba, kuma mutum kan ɗauke shi shekara da shekaru bai sani ba.

Ustaz_Hindawiyya:
Jama'a kun bar Jaki kuna dukan taiki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Kuma su kansu Turawan sun gwada sinadarinta sun ga yana kashe daji. Me ya sa likitocinmu ba sa ba da ita?

Saidaliyya_Madina:
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, ba mai ja da shi, kuma ka fi ni sanin yadda malamai suka yi bayanin faɗinsa. Ni zan tsaya a kan rabin maganarka na biyu. Sinadarin da ake nufi shi ne timokwinon, kuma gwaje-gwajen da ake yawo da su kusan duk a farantin ɗakin gwaji ne ko a jikin ɓera, wato daidai abin da Abu Sumayya ya buɗe zance da shi. A gabashin Saudiyya an yi ɗan ƙaramin gwaji a kan marasa lafiyar da dajinsu ya yi nisa, aka buga a 2009. Jikinsu ya karɓe shi lafiya, amma ba a ga ƙarin ya ragu ba. Mai son shan habba ya sha, sai dai ya gaya wa likitansa, kada kuma ya ajiye kimawi saboda ita. Na ga waɗanda suka ajiye, suka dawo lokacin da ba abin da za a iya yi.

Ustaz_Hindawiyya:
Ban ce a ajiye asibiti ba Malama. Neman magani ai umarni ne. Amma gwaji ɗaya ƙarami ba ya rufe ƙofa.

Saidaliyya_Madina:
Ba ya rufewa, ba ya kuma buɗewa.

Nas_Dammam:
Tunda an shigo maganar abubuwan da ake sha, bitamin C ma haka ne. Ɓera na ƙera nasa da kansa a hanta, yana da enzayim ɗin yin haka, mu namu ya lalace tun asali shi ya sa sai mun ci lemo. Duk gwajin bitamin C da aka yi a ɓera na yau da kullum an yi shi ne a jikin da ba ya rasa shi. Asibitin Mayo a Amurka ya gwada ba masu daji shi da yawa ta baki, sakamakon 1979 da na 1985 duk ba su nuna amfani ba.

Akwai kuma wanda muke gani a ɗakin jinya. In kimawi ya farfasa ƙwayoyin dajin jini da yawa lokaci guda, wani gishiri mai suna yurik asid kan taru ya toshe ƙoda. Ɓera na da enzayim mai narkar da shi, mu ba mu da shi, sai an yi mana allurarsa. Ita kuma allurar ba a yi wa mai ƙarancin G6PD, wani enzayim mai kare jajayen ƙwayoyin jini, don jininsa zai fashe. Ƙarancin nan ya yi yawa a Ƙaɗif da Ahsa na gabashin Saudiyya, ya kuma yi yawa a tsakanin mazanmu na Afirka ta Yamma, don haka ba mu taɓa rataya ta sai an duba.

Likita_Riyad:
Misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne talidomaid. An fara sayar da shi a Jamus a 1957, mata masu ciki na sha don tashin zuciya da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Ɓeraye ba sa nuna wannan nakasar, zomo da biri ne ke nunawa. An fi shekara 40 ba a san dalili ba. A 2010 masana a Japan suka gano inda maganin ke kamawa, wani furotin mai suna serebulon, ɓangare ne na injin enzayim da ke yi wa furotin alama don a rushe shi. Daga baya aka gano bambancin namu da na ɓera a wurin da ya fi muhimmanci tubali ɗaya ne tak cikin tubalan da aka gina furotin ɗin da su, mu balin ne a gurbi na 388, shi kuma aisolusin ne a daidai wurin. Tubali ɗaya cikin sama da 400.

Shi wannan maganin da ya nakasa jarirai, a 1999 aka buga cewa yana taimakon masu dajin ɓargo, kuma shi da ƙaninsa lenalidomaid yanzu suna cikin ginshiƙan maganin wannan ciwo. A ƙwayoyin ɓera kuwa ba sa yin wannan aikin sai an sauya musu wancan tubalin. Ɓera bai hango sharrinsa ba, bai hango alherinsa ba.

Dalibi_Thuwal:
Akwai kuma wani magani mai suna DMXAA, wanda aka ƙirƙira a Okland ta ƙasar Niyu Zilan. A ɓera yana sa jijiyoyin jinin ƙari su rushe, ƙarin ya ruɓe. Aka kai shi babban gwaji a kan masu dajin huhu sama da 1,200, aka tsayar a 2010 don bai ƙara wa kowa kwana ba. Sai a 2013 aka gano yana kama enzayim ɗin STING na ɓera amma ba ya kama namu.

Saidaliyya_Madina:
Ɗalibi, STING ba enzayim ba ne, mai isar da saƙo ne. Enzayim ɗin da ke gabansa shi ne cGAS. Sauran bayanin daidai ne.

Dalibi_Thuwal:
Haka ne Anti. In enzayim zalla ake so, ga APOBEC3. Mu muna da bakwai, ɓera ɗaya. Aikinsu yaƙi da ƙwayoyin bairos, amma biyu daga cikin namu kan juya su yi wa DNA ɗinmu ɓarna, kuma ana ganin sawunsu a dajin mafitsara da bakin mahaifa da nono da huhu. Wannan hanyar kamuwa da daji ɓeran gwaji bai san ta ba sai an dasa masa namu.

Abu_Sumayya:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu rabin tambayata na nan. Duk wanda ya yi magana misalin gazawar ɓera ya kawo. To don me ba a bar shi ba?

Likita_Riyad:
Don ba a sami wanda ya fi shi ba tukuna, Abu Sumayya. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba shi da garkuwar jiki. Mutum kuma ba a fara gwaji da shi. Ɓera giram 25 ne, cikinsa kwana 20, rayuwarsa shekara 2 zuwa 3, ana iya cire masa ƙwayar gado ko a sa masa, kuma yawancin ƙwayoyin gadonmu yana da takwarorinsu. Mun kawo gazawarsa ne don ita ka tambaya. Maganin garkuwar jiki da ya sauya labarin dajin fata mai tsanani, a ɓera Jems Alison ya fara nuna shi a 1996, aka amince da maganin a 2011, ya raba kyautar Nobel da Tasuku Honjo na Japan a 2018. Akwai mutanen da ke raye yau saboda waɗancan ɓerayen.

Laifin da nake gani na masu rubuta labari ne. Cikin magungunan daji da suka tsallake dabba suka shiga gwajin mutane, waɗanda ke kai wa ga amincewa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Masu binciken sun san haka. A 1998 da jaridu suka cika duniya da labarin maganin Juda Fokman, wani likita mai binciken daji a Amurka, shi da kansa ya ce wanda ke da daji in dai ɓera ne za su iya kula da shi sosai. Mai kanun labari ne ke cire kalmar ɓera.

Dalibi_Thuwal:
Dakta ni ban wanke masu binciken gaba ɗaya ba. Bambancin Ces1c an daɗe da saninsa, akwai ɓerayen da aka cire wa shi, akwai masu CYP2D6 da CYP3A4 na mutum, akwai ma waɗanda aka cika hantarsu da ƙwayoyin hantar mutum. Amma suna da tsada, ga wahalar shigo da su, sai a ɗauki wanda ke kusa a dasa masa ƙari a ƙarƙashin fata, a fara ba shi magani tun ƙarin bai kai ƙwayar wake ba, a buga takarda. Wane majinyaci ne ke zuwa asibiti da ƙari irin wannan? Ga shi yawancin waɗannan ɓerayen an kashe musu garkuwar jiki don kada su ƙi dashen. Ko lissafin awon magani wasu ba sa yi. Abin da aka ba ɓera a kowane kilo sai an raba shi da kusan 12 kafin a kwatanta da mutum.

Likita_Riyad:
Ban musa ba. Amma ɓeran da aka sa wa enzayim ɗaya na mutum, sauran ɗari da ɗaya nasa ne.

Nas_Dammam:
Na ji an ce Amurka ta hana gwaji da dabbobi.

Dalibi_Thuwal:
Ba hanawa ta yi ba Anti. Dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2022 ta cire tilascin ne, ta ce ana iya kawo hujja ta wata hanya, kamar 'yan ƙananan gaɓoɓin da ake rainawa a faranti daga naman majinyaci, dabarar da aka fara da hanjin ɓera a Holan a 2009. Suna da enzayim ɗin mutum na gaskiya, amma ba jini ke zagaya su ba.

BaKano_Rusaifa:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya gaya mini dalilin da allura ɗaya ke kai albashin shekara ba.

MaiKulaDaZaure:
Malam BaKano wannan tambaya ce mai kyau, ka buɗe mata zare nata. A nan a tsaya kan ɓera.

UmmuAnas_Jidda:
Malama Saidaliyya, wannan CYP2D6 da kika ambata tun farko, na taɓa jin sunansa. Ƙanwata na shan tamoksifen bayan aikin nono, wata ta ce mata wai sai ta yi gwajinsa. Gaskiya ne?

Saidaliyya_Madina:
Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Tamoksifen ma sai hanta ta juya shi zuwa endoksifen kafin ya yi cikakken aiki, kuma CYP2D6 ne ke yin mafi yawan juyin. Tarihinsa kansa darasi ne a kan zancen nan. An fara nemansa ne a Ingila a matsayin maganin hana ɗaukar ciki don ya hana manyan ɓeraye, da aka ba mata sai ya zama yana sa su saki ƙwai. Yana jawo wa manyan ɓeraye dajin hanta, ƙananan bai jawo musu ba, kuma shekaru sama da 50 ana ba mata ba a ga wannan ya zama matsala ba.

Mu kanmu mutane ba ɗaya muke ba a wannan enzayim. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa nasu ba ya aiki sam. A Habasha an sami kusan kashi 29 masu ƙarin kwafin ƙwayar gadonsa, a Saudiyya kusan kashi 21, nasu na gudu fiye da kima, irinsu ne kodin ke iya yi wa illa don yana komawa mofin da sauri. A tsakanin baƙaƙen Afirka kuma akwai wani nau'i mai rauni da ya yawaita. Sai dai masana ba su haɗu a kan gwajin ba. Wasu ƙungiyoyin masana magani sun ce in an san enzayim ɗin mace ba ya aiki a duba wani maganin, manyan ƙungiyoyin likitocin daji kuwa ba su ce a yi wa kowa ba, don manyan bincike sun saɓa wa juna. Kada ta daina sha, kada ta tsallake kwana. Abin da na fi so ta duba shi ne sauran magungunan da take sha. Faroksetin da fuluwoksetin, da ake bayarwa don damuwa ko zafin jiki, suna danne CYP2D6 sosai.

UmmuAnas_Jidda:
Akwai wata ƙwaya da aka ba ta saboda gumin dare da rashin barci, ban san sunanta ba. Bari in kira ta ta karanto mini kwalin.

Saidaliyya_Madina:
Ki turo mini ta akwatin sirri Hajiya, kada ki sa a nan. Ko da ɗaya daga cikin biyun ce, kada ta yanke ta lokaci guda, ta kai wa likitan da ya rubuta ya sauya mata.